Telar da Ta Ƙara wa Tsofaffi Inci Huɗu

Shagon Inna Tela ɗaki ɗaya ne a bayan kasuwa, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da maɓallai. Keken ɗinki biyu ne a ciki, da benci, da labule a kusurwa inda ake awo. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana ɗinkin mata a wurin. Mace ta rame saboda ciwo, ko ta samu juna biyu, a bayan labulen nan ake fara gani, kuma ba a taɓa jin maganar ta fito daga bakin Inna ba.

Bara wakilin wani kamfani ya zagaya kasuwar. Kamfanin nan kowa na cikinsa: da shi ake kira, da shi ake tura hoto, da shi ake tsayar da mota da biyan kuɗin wuta. Ya saka mata manhaja kyauta a waya, wadda ke adana awon kowace mace tare da lambar wayarta. Inna ta yi murna sosai. Cikin wata biyu ta kwashe awon mata ɗari uku da 'yan kai daga tsofaffin littattafanta ta zuba a ciki.

A cikinsu akwai wata malamar firamare mai shekara tara da aure. Sau biyu tana yin ɓari, kuma kowane karo sai da dangi suka gama shela kafin cikin ya zube. Wata Litinin ta kawo riguna a buɗa mata. Inna ta zagaya tef, ta duba, ta sake zagayawa.

"Malama, inci huɗu fa."

"Inna, ki rufa mini asiri. Daga ni sai maigidana. Wannan karon ba na son kowa ya ji sai cikin ya yi ƙwari, balle uwar mijina. In ta ji da safe, kafin azahar an ji a gari uku."

"Ni da na ɗinka miki kayan aure? Tashi ki tafi."

Inna ta shigar da sabon awon a waya, ta ƙara da abin da ta saba rubutawa: a bar wuri a gaba.

Ran Laraba Malama ta dawo, ko gaisuwa babu, ta ajiye wayarta a kan keke. Tallan bahon jarirai ne da shawul, a samansu an rubuta ana taya iyalinsu murna. Saƙon ya shiga wayar mijinta da ta uwarsa, domin layukan uku a asusu ɗaya suke. Tsohuwar ta riga ta kira sau uku, Malama ba ta ɗauka ba.

"Wa kika faɗa wa, Inna?"

"Babu kowa," in ji ta. Sai idonta ya sauka kan tata wayar.

Ta kira kamfanin, na'ura ce ta amsa. Daga baya saƙo ya zo cewa goge bayani yana ɗaukar kwana casa'in. Malama kuwa ko kwana biyu ba ta da shi.

Inna ta ce dabarar daga sana'a ta zo mata. In tabo ya ƙi fita daga gaban riga, sai a rufe shi da fure, a bi sauran rigar da irin furen, kowa ya ɗauka ado ne. Ta ja ƙofar shago, ta ware duk matar da ta haura sittin, mutum arba'in da ɗaya. Ba ta taɓa na 'yan mata ko na masu ƙananan shekaru ba, don kada ta haɗa wani gida faɗa. Da uwar mijin Malama ta fara, domin ita ma a wurin Inna take ɗinki. Kowace ta ƙara mata inci huɗu a ƙugu, ta rubuta a bar wuri a gaba. Malama na karanto lambobi, Inna na dannawa, dariya na cin su har mai maɓallai ya ƙwanƙwasa ya tambaya ko lafiya.

Zuwa Juma'a benci ya kasa ɗaukar mutane. Tsofaffi ne ke shigowa da waya a hannu, kowace na neman wanda zai sake karanta mata.

"Ke Tela, ni da jika goma sha huɗu ake taya murna?" in ji wata tsohuwar nas.

"Nawa tsohon sai da ya goge tabarau ya sake dubawa," in ji matar mai gyaran fanka. "Wai shi yaushe?"

"To, Allah ya raba lafiya, Yaya," in ji Inna, ba ta ɗago daga keke ba.

"Ungo naki," in ji matar.

Uwar mijin Malama ta iso tana haki. "Saura kaɗan in kira 'yan'uwa kaf a kan yarinyar nan, ashe kamfanin ne ya zautu. Wai ni ma ina da shi."

Inna ba ta yi alfahari da abin ba. Ta ce karon farko ke nan da ta rubuta awon ƙarya, kuma abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne duk arba'in da ɗayan sun samu saƙon, ba a tsallake ko ɗaya ba. Har yau kamfanin bai bayyana mata wanda ke ganin abin da ta rubuta ba. Ta cire manhajar, ta sayi sabon littafi, ta shafe wata guda tana sake auna mutanenta.

Malama ta samu mako goma sha ɗaya babu wanda ya dame ta. Ran da ta shirya, ta je da ƙafarta, ta zauna a gaban uwar mijinta ta faɗa mata. Tsohuwar ta daɗe tana kallonta.

"'Yar nan, ke ce ke faɗa mini, ko wayar ce ta aiko ki?"

"Ni ce, Mama."