Jari Ba Ta Ci Takardun Kawu Ba

Bari in faɗi gaskiya tun kafin kunya ta riƙe mini hannu: akuyar nan Jari ba ta ci takardun Kawu ba. Ni na kwashe su na kai wa Ya Gaji mai ƙosai. Shekara biyu ke nan baiwar Allah tana ɗauke da laifina. Kullum safiya sai ta tsaya tana tuƙa tana kallona, ni kuwa in sunkuyar da kai in wuce kamar na ga surukata.

Yanzu da Kawu ya rasu, ku ɗalibansa kun ce kowa ya rubuto abin da ya tuna da shi don ku haɗa wuri ɗaya. To ga nawa. Ku kun san shi da Musye Mamadu, mai koya wa ƴan shekarar farko a jami'a yadda kamfani ke samo kuɗi da yadda yake juya su. Ni kuwa wan mahaifiyata ne. Sunana Ari. An kawo ni gidansa a Birni daga garinmu Tirmini ina shekara goma sha uku don in yi lakol, wato makarantar boko. Ranar da aka kawo ni Babana ya riƙe kunnena ya ce, "Ƙara ɗaya in na ji daga gidan nan, ka dawo gona. Hauyarka na nan, ban ba kowa ba."

Kawu bai taɓa zubar da takarda ba. Ko sau ɗaya! Maganarsa kullum ita ce, "Takarda fuska biyu gare ta, wanda ya ƙera ta ba wawa ba ne." Katin gayyatar biki, takardar kuɗin wuta, tsohuwar takardar egzame, wato jarrabawa, ambulan, har buhun siminti yana yankawa da almakashi ya yi rubutu a baya. Darasin da ya yi shekara ashirin da biyu yana koya muku, duk a bayan irin waɗannan yake, ɗaure da robar tayar keke. Babu kwafi na biyu a duniya. Ya ce in ya yi ritaya zai mayar da shi littafi, da misalan gyada da gero, don yaran ƙasar nan su daina koyon kasuwanci da misalin tuffa da ba su taɓa gani a bishiya ba.

Wata rana matarsa, Inna Falmata, ta birkice gida tana neman katin bikin ƴar ƙawarta.

"Malam, ina katin nan mai ruwan hoda?"

"Yana aji."

"Me ya kai kati aji?"

"Na yi jadawali a bayansa. Yadda darajar injin niƙa ke raguwa shekara-shekara."

"To yaushe ne bikin?"

"Bikin ban duba ba. Injin dai shekara biyar zai yi."

Ashe ranar aka yi bikin. Wata uku ƙawar ba ta gaishe da Inna ba.

Motonsa kuwa, wato babur ɗinsa, in ya hango gangara ko da kamu ɗaya ce, sai ya kashe. In gangarar ta ƙare kafin inda ya yi lissafi, ni ke sauka in tura.

"Wannan shi ake kira rage kuɗin aiki, Ari."

"Kawu, ƙafata fa?"

"Ƙafarka ba ta cikin lissafi. Kyauta Allah ya ba mu ita."

Na rantse na tura moton nan nisan da zai kai ni Makka in dawo.

Sai Jari. Waɗanda suka yi ajinsa shekaru huɗu da suka wuce sun tuna ranar da ya shigo amfi, babban ɗakin karatun nan naku, yana jan akuya. Ni na rako shi don ranar ba mu da lakol. Ya ɗaure ta a ƙafar tebur ya ce, "Ku gaishe ta, sunanta Jari. In ta haihu, ɗan shi ne riba. In kun sayar da ɗan kun sayi dusa, kamfani na tafiya. In kun yanka ta ranar Sallah, kun ci nama mai daɗi, kamfani ya mutu." Yana cikin bayani Jari ta miƙa wuya ta cafke littafin wani ɗalibi da ke layin gaba.

"Musye! Ta cinye mini kaye!"

"Madalla. Wannan ita ce asarar da ba a zata ba. Rubuta."

"A ina zan rubuta, Musye?"

"Ka ga ka fara fahimta."

Tun daga ranar kowa ya san Jari da cin takarda. Ku riƙe wannan, don a kansa na gina ƙaryata.

Lokacin hutun damina ne, ina shekara goma sha biyar. Kawu ya tafi Droum kwana uku duba gonarsa, Inna ta sa ni share ɗakinsa. A ƙarƙashin tebur na ga wani ƙunshi ɗaure da roba. Na leƙa sama, katin suna ne. Na ɗaga, takardar kuɗin wuta. Na ƙara ɗagawa, buhun siminti. Wallahi ban juya ko ɗaya ba! Shekara biyu ina jin "fuska biyu gare ta," amma ranar fuska ɗaya na duba. Abin da ya faɗo mini a rai kawai shi ne Ya Gaji da ke soya ƙosai a bakin lungunmu, wadda ke ba yara ƙosai in sun kai mata takardar naɗi. Na kinkima na kai. Ta ɗaga ƙunshin ta ji nauyi, ta ce ƙosan kwana uku. Na ce ta haɗa da yaji. Har ina murna na iya ciniki, ɗan gidan malamin kasuwanci.

Da Kawu ya dawo ya shiga ɗaki, sai muka ji shiru. Can ya fito ba hula. Ban taɓa ganin kansa a tsakar gida ba sai ranar.

"Falmata, ina darasina?"

Inna ta juyo. "Ari, kai ka share ɗakin."

Na hango hauyata a Tirmini tana yi mini murmushi. Bakina ya buɗe da kansa: "Na ga Jari ta fito daga ciki tana tauna."

Inna ta tafa hannu ta yi salati. Ta ce ranar Alhamis a kai shegiya kasuwa. Ta ƙara da cewa, "Allah ya taimake ka akuya ce, da kai ne, yanzun nan zan kira ubanka." Kawu kuwa ya nufi turke. Ya je ya tsuguna gaban Jari, ya taɓa cikinta ta dama, ya taɓa ta hagu.

"Kilo biyu na takarda," ya ce, "har da robar keke. Kuma ko kumburi ba ki yi ba. Lallai ke akuya ce ta musamman." Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. "Ba za a sayar ba. Ba a sayar da jari ranar da aka yi fushi."

Bayan kwana biyu wata ɗalibarsa, Hadiza, da ke zaune a unguwarmu ta yi sallama. Na ga abin da ke hannunta, na faɗa bayan randa.

"Musye, na sayi ƙosai, sai na ga kamar rubutunka. Bayanin nan ne na cewa jaka ɗaya ta yau ta fi jaka ɗaya ta baɗi."

Ya karɓa. Mai ya jiƙa takardar har ana ganin rana ta cikinta. Ya shinshina. "Wajen wa?"

"Ya Gaji."

"Na gode, ƴata. Ki gaida gida."

Na jira a kira ni. Ba a kira ni ba. Da gari ya waye sai ya ba ni dala ashirin. Mutumin da ke cewa ƙosan waje wake ne da aka yi wa tsada!

"Je ka wajen Ya Gaji ka sayo guda huɗu. Kowane a naɗe shi daban. In ta ƙi, ka je sau huɗu."

Ta ƙi kuwa. Na je sau huɗu. Ya warware takardun a hankali, ya shimfiɗa su, ya barbaɗa toka ta shanye man, ya maƙala su a igiyar shanya kusa da zannuwan Inna. Ƙosan kuma ya turo mini.

"Ci. Kai ne mai son ƙosai."

Jama'a, na sunkuyar da kai na cinye. Haka muka yi kullum safiya har mako biyar. Wata rana a samu babin rance, wata rana rabin jadawali, wata rana buhun siminti da bai kai ga rubutu a kai ba, sai ya ce, "Yau mun faɗi." Ina tsaye a layi ina kallon darasin Kawu yana tafiya a hannun masu kabu-kabu da yaran unguwa. Wani ya gama ci ya goge baki da shi ya jefar a kwata.

Za ku ce me ya hana ni roƙon Ya Gaji ta mayar mini da sauran. Kun san Ya Gaji? In ta yi raɗa ana jin ta har can garin Mirriah. Da na buɗe baki, kafin in iso gida Inna ta ji, kafin azahar Babana ya ji. Sai na ci gaba da bin layi.

Ita ma Inna ta gaji, ta ce, "Malam, ka je da kanka mana ka saye su gaba ɗaya! Mece ce wannan wahala?"

Ina bakin zaure ina wanke moto, na ji amsarsa da kunnena.

"In na je sai ta faɗa mini wanda ya kai mata, duk Birni su ji. Ni ban tambaya ba. Ni akuya aka ce mini."

"Akuya ce ta kai wa Gaji takarda?"

"Akuya ce ta musamman, na faɗa miki."

Ko a nan ban tashi na je na durƙusa ba. Na ci gaba da wanke tayar da na riga na wanke. Ranar da Ya Gaji ta fara naɗi da tsohuwar jarida, Kawu ya karɓa ya duba gaba da baya, ya ce, "To, kasuwa ta tashi." Bai sake sayen ƙosai ba har ya bar duniya. Shekara biyun da suka rage masa, da ka ya koyar da ku ba takarda, yana tsayawa tsakiyar magana yana neman misalin da ya san ya taɓa rubutawa.

Ranar sadakar uku ina raba ruwa a ƙofar gida, na ji wasunku suna dariya ƙasa-ƙasa suna tuna "tambayar ƙosai" da ya yi muku a egzame: wani ɗan kasuwa ya ba da aikin shekara ashirin da biyu ya karɓi ƙosan kwana uku, ku faɗi kuskurensa. Wani mai gemu a cikinku ya ce amsar da Kawu yake so ita ce, bai duba abin da yake sayarwa ba. Ya ce kun matsa wa Kawu ya faɗi ko wane sakarai ne, sai ya ce, "Sunansa ba ya cikin tambayar. Yaro ne mai kirki, zai iya lissafi nan gaba." Mai gemu, in kana karanta wannan, ni ne na zuba maka ruwa a kan takalmi. Ka yi haƙuri.

Allah ya jiƙan Kawu. Yadda ya rufa mini asiri a lungun Birni, Allah ka rufa masa nasa ranar da za a buɗe takardun kowa gaba da baya. Ka haskaka kabarinsa, ka ba Inna Falmata haƙuri.

Shekaranjiya na faɗa wa Inna komai. Ba ta kira Babana ba. Cewa kawai ta yi in je in ba Jari dusa. Takardu hamsin da takwas muka samo cikin fiye da ɗari uku, suna nan cikin akwatinsa suna warin mai. Littafin bai fito ba. Ni kuma ban taɓa ce masa ya yafe mini ba.