Inna Rabin Cokali Ta Sauke Tukunya

Kafin motar farko ta fita daga garejin kamfanin motocin safa, Inna ta riga ta ɗora tukunyar ruwa, ta goge teburan ɗakin shayin ma'aikata, ta jera kofuna. Kofi arba'in da 'yan kai ne, kuma ta san mai kowanne: na makanike mai karyayyen mariƙi, na akawu da ba ya yarda kowa ya taɓa masa, na direbobin da ke shigowa da hamma su fita da surutu. Shekara ashirin da bakwai tana wannan aiki, sai ranar Alhamis da ta wuce ta ajiye shi. Hotonta bai taɓa hawa bangon ofis ba, shi ya sa ya dace a faɗi nata tun tana ji da kunnenta.

Direbobi ne suka laƙaba mata Rabin Cokali, kuma ba da ƙauna aka raɗa sunan ba. Shekara tara da suka wuce ta ɗauke gwangwanin sukari daga kan tebur ta kulle a kabad. Ta gaya wa kowa a fili cewa daga yau ita za ta riƙa zubawa, kuma duk wata za ta rage rabin cokali har harshe ya saba. Makanike ya ce wannan ruwan wanke kofi ne. Akawu ya kai ƙara, manaja ya zo da shirin faɗa, ya saurare ta, ya fita yana sosa ƙeya. Wanda ya nace sai an ƙara masa takan ƙara, don ba ita ta haife shi ba, amma sai ta tsaya a kansa tana ƙirga cokulan da ƙarfi. Ba kowa ke iya jure wannan sau biyu ba.

Wanda ya fi ba ta aiki shi ne Dogo, direban doguwar hanya, mai cokali biyar a kofi ɗaya. A gwajin lafiya na shekara likita ya ce sukarin jininsa ya hau. Ciwon bai kama shi ba tukuna, amma yana bakin ƙofa, kuma in ya shiga, ido na cikin abin da yakan lalata. Likitan ya ce ya rage sukari da lemon kwalba, ya riƙa tattaki, ya dawo bayan wata shida. Direba kuwa da idonsa yake ci, ga 'ya'ya shida a gida. Dogo ya kawo wa Inna labari da kansa, ya karɓi ragin ba gardama. Kullum ya amshi kofinsa da godiya, ya tafi kusurwa ya juya baya. Inna har kafa misali take da shi.

Tururuwa ce ta tona asiri. Wata safiya Inna na shara ta ga layinsu ya taso daga ƙasan ƙofa, ya hau bango, ya bi ƙusa, ya shige aljihun rigar aikin Dogo da ke rataye. Ta leƙa, sai ga ƙullin leda cike da sukari. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har sai da ta zauna. Da wata ce da ta tara jama'a an yi masa tsiya har shekara ta zagayo. Ita kaɗe tururuwar ta yi, ta bar ƙullin inda yake. Da aka tashi aiki da la'asar ta ce ƙafarta na ciwo, ya rage mata hanya.

A tsakar gidanta Dogo ya tarar da maigidanta zaune a kujera, keken ɗinkinsa na gefe lulluɓe da zane. Tsohon ya miƙa hannun gaisuwa ta gefen da ba kowa, don ciwon sukari ya daɗe da ɗauke masa gani. Ya yi dariya ya ce lalle baƙon nan dogo ne, muryarsa daga sama take saukowa. Da Inna ta rako Dogo bakin ƙofa sai ta tsaya.

"Ka ga Malam? Shekara ashirin ina cika masa kofi da sukari, ina ganin gata nake masa. Likita ya ce ba sukarin kaɗai ba ne, akwai gado, akwai yawan zama. Na ji. Amma cokalin a hannuna yake. Aljihunka kuwa naka ne, ɗana, ban ɗauke maka komai ba."

Kunya da tsoro suka rufe Dogo, ya tafi ko sallama bai iya yi ba. Washegari ya ajiye ƙullin a gabanta. Kada a ce daga nan ya zama waliyyi, sau biyu ta kama shi a bayan mota da kwalbar lemo. Ta kafa masa doka sai ya zagaya gareji sau uku kafin ya ga shayi, makanikai na tafa masa. Da wata shida ya cika, likita ya duba takarda ya ce ya ja baya daga ƙofar, ya ci gaba a haka. Yau shekara biyar ke nan yana kan sitiyarinsa.

Inna, ke ce kika yarda a kira ki marowaciya don wasu su zauna lafiya. Ke ba likita ba ce, kin kuma san haka, shi ya sa duk wanda kika ga yana yawan ƙishirwa da zaryar bayi kike tura shi asibiti, ki tambaye shi takarda in ya dawo. Ciwon gidanki bai sa kin yi wa duniya fushi ba. Uwa mai hana ɗa abin da yake so, sannu da aiki.

Ranar sallamarta an ba Dogo dama ya yi jawabi. Ya miƙe, ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "Jiya 'yata ta kawo min sakamakon jarrabawarta. Ni na karanta da idona." Ya zauna. Inna ta sa gefen mayafi ta share fuska.

Mun gode, Inna. Allah ya ba Malam sauƙi, ya sa ki huta da ƙafarki. Sauran mu kuwa, kowane gida da kowace ma'aikata akwai mai riƙe da cokali. Gobe da safe in hannu ya kai ga na uku, a tuna cewa wanda ake zuba wa yana da sauran abin da yake son gani.