Batulu Mai Fifita

A unguwarsu a Gazawa, in ka ce kana neman Batulu sai a tambaye ka wace, don suna da yawa. In ka ce mai fifita, nan take za a nuna maka gidan. Ba tsire take gasawa ba, ba kuma masara ba. Kwamfuta ta yi shekaru tana yi wa fifita, kuma mijinta ne ya ɗora ta a kan wannan aiki.

Ɗiyar manomi ce daga wani ƙauye kudu da gari. Ta yi lakol, wato makarantar boko, har aji shida, ta fito da ɗan Faransancin da zai ishe ta karanta kwalin magani. Ta auri Rabo mai ɗaukar bidiyo, wanda duk inda aka buga ganga, suna ko biki, sai ka gan shi da kamara yana taka wa mutane tabarma. In ya dawo sai ya juye hotunan a wata tsohuwar kwamfutar hannu da ya sayo a tsallaken iyaka, ya yanke, ya haɗa, ya sa kiɗa. In ya gama ya umarci kwamfutar ta fitar da aikin, sai wani koren layi ya fara rarrafe daga hagu zuwa dama. To a nan take nuna halinta. Ta ɗau zafi kamar murfin tukunya, ta yi gurnani, layin yana tsakiya ta ɗauke ɗif, sai an sake daga farko.

Maganin da Rabo ya samo shi ne Batulu. Ya ɗora kwamfutar a kan bulo biyu, ita ta zauna gefe da maficin kaba, dama ta gaji ta mayar hagu. Allah bai ba su haihuwa ba, sai matan gidan suka samu abin tsokana: "Ya mai jiki? Zazzaɓin ɗiyar taku ya sauka?" Takan yi dariya, ta ciki na ciki. Ta sha gaya wa Rabo cewa akwai wani faranti mai fanka da ake sawa a ƙarƙashin kwamfuta, yana ce mata wannan duk wasan yara ne. Daga ƙarshe ta yanke masa hukunci a ranta cewa hannun jarirai gare shi, ta daina magana.

Gidansu gidan yawa ne, kuma a irinsa namiji ba ya wuni a ɗakin matarsa. In ya yi, yayye su bi shi da ido, abokai su raɗa masa mijin-ta-ce. Amma aiki aiki ne, ba mai cewa uffan. Haka suke zama da rana tsaka, yana ba ta labarin wanda ya cinye rabon mutum uku a wajen biki, ita tana kallon yatsunsa, har ta iya sana'ar ba tare da an ce zo in koya miki ba.

Bayan girbi ne ya je ɗaukar wani biki a ƙauye. A hanyar dawowa babur ɗinsa ya haɗu da amalanken shanu. Kamara ko ƙwarzane ba ta yi ba, shi kuwa bai kai asibiti ba. Batulu ba ta yi kuka ba. Ta so ta yi, don ta ga ana kallon ta, amma ko ɗigo bai zo ba. Ta shiga takaba, aka ba ta abinci ta ci, aka ce ya haƙuri ta ce da godiya. Ba baƙin ciki take ji ba, ba kuma sauƙi ba. Komai ya yi mata salam, har gishiri ba ta ji a miya.

Ta fita takaba bazara ta kankama. Labo, wan Rabo, ya zo maganar gado. Mutum ne mai son gaskiya, sai dai abin da ba ya haihuwa ba ya ganinsa dukiya.

"Batulu, wagga na'ura an ce ba ta da lahiya. Mu saida ta, ki amshi awaki, su ko ba komi suna haihuwa."

"Yaya, akwai aikin mutane ciki. Bikin da ya ɗauka na ƙarshe."

"To ki hidda shi mu gani. In ta yi, ta zama rabonki. In ba ta yi ba, kada ki ce na cuce ki."

Ta haɗa hotunan yadda ta ga Rabo yana yi, ta sa layin ya fara tafiya, ta ɗau mafici. Sai dai hannun da ya yi shekaru bai gaza ba yanzu ya koyi tsayawa. Tana cikin fifita sai ta tafi wani wuri da ita ma ba ta sani ba, ta dawo ta tarar da maficin a cinyarta, kwamfuta ta mutu. Ta sake, haka. Ta kuma sakewa, haka. Ga shi dangin amarya sun fara aiko da gaisuwa, irin gaisuwar da kowa ya san tambaya ce.

Ranar kasuwa ta naɗe kwamfutar a zane ta nufi rumfar Mustafa mai kayan waya, abokin marigayi. Ya yi mata ta'aziyya, ta ce farantin nan mai fanka take nema, ya sauko da abin da yake da shi. Akwai mai babbar fanka ɗaya a tsakiya, akwai wani mai fitilu shuɗi da kore kamar motar amarya, wanda ya ce samari ke so.

"Kyau ba shi ne ba," in ji shi. "Kihe ta mu ga inda take shaƙar iska. In hwanka ba ta dace da wurin ba, aikin banza ne."

Ta kife ta, ta nuna masa ramukan, can baya wajen hagu. Suka gwada na farko, fankar ta faɗo a tsakiya inda ba rami. Mai fitilun kuwa ya yi mata kaɗan. Mustafa ya tsuguna ƙarƙashin tebur ya jawo wani mai yagaggen kwali, baƙi, mai ƙananan fanka biyu a baya. Ta ɗora, ya zauna daram.

"Ai dole ya zauna," in ji Mustafa. "Wanga ya taɓa kwana gidanku."

Ta ɗago ta dube shi.

"Shekarar da kika tai ƙauyenku suna, Rabo ya saye shi. Washegari sai ga shi ya maido. Na ce ya lalace ne? Ya ce a'a, ya yi aiki sarai, har ya gama bai taɓa mahuci ba. Na ce to mi ya hwaru? Ya ce, in na aje wanga, da wane dalili za ta zamna kusa da ni da rana? Na yi mashi dariya, Allah ya yahe mani. Ya ce kada in gaya ma kowa."

Batulu ta tsaya ta jira ta ji wani abu. Ta ji ihun masu kabu-kabu, ta ji zafin ƙasa ta cikin takalminta, shi ke nan. Ta biya, ta haɗa kayan a zane ɗaya, ta koma gida.

Ta jona wayar farantin a jikin kwamfutar, fankokin suka fara juyi a hankali. Ta sa layin ya kama hanya, ta zauna a wurinta na kullum. Ta taɓa gefen hagu, ɗumi kawai. Ta yi zaune ba ta da abin yi, sai ta tashi ta je ta wanke kwanoni, ta share tsakar gida, ta ɗora sanwa. Ko da ta dawo, layin ya kai ƙarshe, aiki ya fita, ba kowa a ɗakin.

Bayan la'asar Labo ya zo. Ta kunna masa, ya kalli amarya da 'yan rakiya, ya gane mutum biyu a ciki ya yi murna. Ya ce magana ta ƙare, na'ura tata ce, kamarar ma a haɗa mata. Sannan ya sunkuya ya leƙa fankokin yana girgiza kai.

"Ikon Allah. Ɗan wanga abu? Da marigayi ya san da shi, ai da bai wahalshe ki shekara da shekaru ba."

A nan ne abin ya zo mata, kewar mijinta gaba ɗaya a lokaci guda. Ta sunkuyar da kai, ta jawo mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta jira har muryarta ta daidaita.

"Bai sani ba, Yaya," in ji ta.