Gwaggo Falmata da Injin Wanke-wanke

Duk wanda ya san Gwaggo Falmata, yayar babana, ya san haɓar zanenta. Mata na ƙulle goro a nasu, ita kuwa sukudireba take ƙullewa, ko gidan biki za ta. Kana cikin gaishe ta za ka ga idonta ya koma kan ƙofar ɗakinka. "Wannan ƙyauren naku kuka yake, ba ku ji ba?" Kafin ka amsa ta durƙusa ta hau kunce-kunce.

Wata rana fankar tsakar gidanta ta tsaya. Na ce, "Gwaggo, a kira mai gyara mana."

"Shi hannu uku gare shi?"

Ta kwance ta, ta mayar. Fanka ta tashi, amma ta daina juya kai, Gwaggo kaɗai take fifitawa. Muka yi ƙorafi, ta ce, "To wa ya gyara ta?"

Da sanyin ƙashi ya kama mata yatsu, ɗanta Yaya Bukar da ke Kano ya matsa ta koma wajensa. Ta ce ita da Haɗejiya sai gawa. Da ya rasa yadda zai yi, ya sa mata sola da tanki, ya kawo injin wanke-wanke, da sharaɗin cewa ranar da zaman kaɗaici ya gagare ta, sai ta bi shi.

Kun san me? Sai ta wanke kwanukan tas da soso kafin ta zuba a injin! Na ce, "Haba Gwaggo, to amfaninsa fa?"

"Ke, baƙo ne daga ƙasar waje. So kike ya ce matan Haɗejiya ƙazamai ne?"

Daga baya dai sun saba, har tukunyar miyar tarwaɗa take cusa masa. Sai ana jibi Yaya Bukar zai zo, injin ya fara yoyo. Na shigo daga Kafin Hausa na tarar da kicin ya zama fadama, takalmanta na iyo. Na ɗauko waya zan kira shi, ta fizge.

"Kul! In ya ji, cewa zai yi ban iya zaman kaina ba, ya sa ni a mota. Ambaliyar kogi ba ta fitar da ni daga gidan nan ba, sai ta akwati?"

Dariya nake, amma da na dubi fuskarta sai na daina. Tsoro ne sosai a idonta.

Ta ce in cire fulogi in rufe famfo. Muka jawo injin daga jikin bango, ita tana nishi, ni ina salati. Ta buɗe, ta zura hannu ƙasa ta zaro ragar da ke tace ruwa. Wayyo! Ƙayar kifi, ɓawon albasa, har da ƙwallon dabino. Ta ɗaga shi tana harararsa.

"Wannan ba nawa ba ne, na Malam Sale maƙwabci ne. Shi ke tofarwa a kofi."

Muka wanke raga, muka kunna. Ruwa ya sake biyo ƙasa. Ta kwanta rub da ciki a kan jiƙaƙƙen siminti, mace mai jikoki, tana bin tiyon baya da yatsa har ta kai inda ya tsage a bakin mahaɗa.

"Yawwa, ga ɓarawon! Ubana da kwalekwale ya ciyar da mu, kullum yana yoyo, kullum yana toshewa. Ɗauko min tsohon tub ɗin keken nan."

Ta yanke wajen da ya tsage da wuƙar yanka kifi, ta yanko roba siririya. Sai dai yatsun suka ƙi ja. Ta gwada, robar ta kuɓuce, ta sake, ta kuɓuce. Sai ta miƙo min ba tare da ta dube ni ba.

"Ungo, ja. Amma ki sani ni na gyara, ke aron hannu kika ba ni."

Na mayar da tiyon bakin mahaɗa, na naɗe shi da robar tam yadda ta ce. Muka kunna, ko ɗigo babu.

Da Yaya Bukar ya zo ya ce, "Inna, injin bai ba ki matsala ba?"

"Wannan? Yaro ne mai ladabi. Sau ɗaya ya yi fitsarin kwance, na yi masa magana."

Bai gane ba, ya yi dariya, ya koma Kano shi kaɗai. A gidanta ta ƙarasa kwanakinta, a ɗakinta ta cika, yadda ta so.

Ranar zaman makoki mata suka yi ta lissafi: wannan keken ɗinkinta ta tayar, waccan murfin rijiya. Wata yarinya ta ce cikin kuka, "Ni aurena ta gyara."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta, ya hutar da hannuwan nan da suka gaji. Amin.