Hannayen Masu Jiran Mota a Titin Faisal

Shekarar da na gama digiri a fannin tsara birane, na samu gurbin koyon aiki na wata shida a wani ƙaramin ofis a Wustul Balad, wato tsakiyar birnin. Ba zan ce na fi sauran da suka nema cancanta ba. Ina jin Larabcina ne ya taimaka. Ofishin yana aiki a kan wani ɓangare na shirin sufuri na shekara ashirin masu zuwa, wato yadda za a haɗa tsofaffin unguwannin Giza da sababbin garuruwan da ake ginawa cikin hamada. Shugabarmu injiniya ce, 'yar ƙasar, mai ƙarancin magana, kowa Duktura yake ce mata. Tun ranar farko ta gaya mini: in aikina ya yi kyau za a riƙe ni bayan wata shidan, in bai yi ba, ma'alish, wato sai haƙuri.

Aikin da ta ba ni bai yi kama da mai wuya ba. In tsaya a bakin titin Faisal da safe, in tambayi masu jiran ƙananan bas-bas inda za su. Na yi mako biyu ina yi. Sai dai wanda ya makara aiki ba ya tsayawa amsa tambayar baƙo. Masu kula ni tsofaffi ne da za su karɓo takarda a ofisoshin gwamnati, sai ɗalibai 'yan'uwana da suke jin tausayina. Na haɗa abin da na samu, na rubuta cewa akasarin mutane tsakiyar gari suke nufa. Kusan kowane layi na sa masa "da alama". Duktura ta ce tamam, ta ajiye a kan tebur.

Hankalina bai kwanta ba, don haka na koma titin ba tare da an aike ni ba. Akwai wata dattijuwa mai sayar da shayi a bakin wani lungu, Bahaushiyar Sudan, wadda kakanninta suka yada zango a can kan hanyar Makka. Inna nake ce mata.

"Malam mai takarda, yau ma wa'azi za ka yi musu?" in ji ta.

"Tambaya ce kawai, Inna."

"Kai baki kake tambaya, su kuwa da hannu suke magana. Zauna nan ka gani, ka daina tare wa mutane hanya."

Na zauna a kan 'yar kujerarta. Abin da ta nuna mini na san shi, shi ya sa kunyar ta fi. Ƙananan bas-bas ɗin nan ba sa tsayawa a yi tambaya. Mai jira yakan yi wa direba alama da hannu tun daga nesa, in hanyarsu ɗaya ya taka birki. Ni kaina shekara huɗu ina ɗaga yatsu biyu a ware in zan koma ɗakinmu na unguwar Madinat Nasr. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin bayani ba, wataƙila don takardar da aka ba ni ba ta da gurbinsa.

Na yi safiya uku ina kallon hannaye kawai. Matasa masu takalman aiki, mata masu jakunkunan ofis, mafi yawansu yatsa ɗaya suke juyawa a iska. Alamar Da'iri ke nan, babban titin da ya zagaye birnin, inda ake canja mota zuwa sababbin garuruwa. Ba tsakiyar gari suke zuwa ba, fita suke yi. Rahotona ya juya wa gaskiya baya.

Na daɗe ina juya abin a raina. In na yi shiru, mai yiwuwa ba wanda zai gane kafin wata shidan ya cika. In na faɗa, ni da bakina na ce ban iya aikin ba. Amma layin sufurin da za a zana a kan rahoton nan, 'ya'yan mutanen ne za su hau shi.

Na same ta a ofis na ce, "Duktura, rahoton da na kawo, ina jin kamar akwai gyara."

"Kana ji, ko akwai?"

"Akwai."

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Gobe ƙarfe bakwai."

Washegari ta zo Faisal da kanta, ta zauna a kujerar da nake zama. Inna ta dube ta, ta dube ni. "Uwar ɗakin taka ce? Ce mata ta ajiye biron tukuna, shayi yana hucewa." Na fassara rabi. Duktura ta yi murmushi, na farko da na gani, ta karɓi kofin, idonta a kan titi.

An riƙe ni. A taswirar da muka miƙa akwai layi mai ɗigo-ɗigo da ya tashi daga Faisal ya bi Da'iri. Ban sani ba ko za a gina shi, kuma ba ni kaɗai na sa shi a wurin ba. Amma duk safiyar da na tsaya jiran mota, na juya yatsana tare da sauran, nakan ji cewa aƙalla wannan an rubuta shi daidai.