Ɗakin Takalman Baba Bu'azza

Shekara talatin da ɗaya, da an sallame azahar Baba Bu'azza zai yayyafa wa filin gudun makarantarmu ta garin Zagora ruwa, ya jera takalman 'yan tsere a ɗakin ajiya, ya cika tulun da ke cikin ɗakin. Ko cikin azumi bai fasa cika tulun nan ba.

Ni Hammu ban taɓa zama a aji ba, faɗa nake ana rubutawa. Amma na kwana uku cikin rairayi da matacciyar mota, ba ɗigon ruwa, na dawo da ƙafata. In ina maganar ƙishirwa, a saurara.

Yaranmu suna da wata ɗabi'a da azumi: "Fito da harshenka mu gani." Wanda aka ga nasa a jiƙe, zai sha tsiya har salla. Don haka yaro ya gwammace ya faɗi da a ce ya kurɓa. Bu'azza ya tambayi liman, liman ya ce wanda ya ji tsoron halaka ya sha, ya rama daga baya. Sai Bu'azza ya kafa doka: bayan atisaye kowa shi kaɗai zai shiga mayar da takalmi, ƙofa a rufe. Mai duba harshen wani kuwa ya bar filin.

Na fi kowa zaginsa. Na ce, "Bu'azza, ragwaye kake kiwo. Ni kwana uku na yi."

Ya ce, "Alhaji, ku nawa kuka tafi?"

Mu huɗu ne, ni kaɗai na dawo. Ban sake tayar da zancen ba.

Bara da azumi jikana Ilyasu ya gama zagaye na goma, gumi ya ɗauke masa, yana tangaɗi yana cewa lafiyarsa ƙalau. Malamin wasanni ya shaida mini Bu'azza ya kama hannunsa ya ce, "Zo, sarkin gudu, takalmina nake so." Suka shige, suka daɗe. Yaron ya fito da ƙafarsa, kansa a jiƙe.

Na tsare Bu'azza a kasuwa. "Jinina ne. Ya sha?"

"Takalmi ya mayar, Alhaji."

Kai ne rufin asirin yara, Bu'azza. Jibi za ka miƙa makulli. Ba ka taɓa cin kofi ba, amma ba uwar da ta bi makara daga filinka. Mun gode, Allah ya saka. Wanda zai gaje ka, ya iya bakinsa kamar yadda ka iya naka.