Gashina da Alwalar La'asar

Gashina irin wanda ake kitsawa da addu'a ne. Tun ina ƙarama a Damagaram, duk makitsiyar da ta ɗora hannu a kaina sai ta yi ajiyar zuciya kafin ta fara, wata ma har ta tambayi mahaifiyata ko akwai mataji na biyu a gidan, don na farkon ba zai kai labari ba. Yana da cika, yana da tsawo in an ja shi, amma da an saki sai ya nannaɗe ya koma inda ya fito. Ban damu da shi sosai ba sai da na zo Yamai karatu, na sauka a unguwar Bukoki gidan ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Tanti.

A shekarata ta biyu a jami'a aka sa bikin babbar ƙawata, ƴar unguwar Talaje. Ƙawaye suka yanke shawara cewa da yamma za mu shiga ɗakin amarya, mata zalla, mu cire kallabi, a ɗauke mu hoto guda, kowa gashinta a miƙe ya sauko kafaɗa. Mai hoton ma mace aka nemo. Ni kuwa a duk hoton da muka taɓa ɗauka a irin wannan ɗaki, ni ce ta gefe mai kallabi, kamar wadda ta rako su. Amaryar za ta tare a garin Tawa, na san wannan hoton shi za ta rataya a bangonta. Na ƙudurta a raina cewa ko ana ha maza ha mata, wannan karon da kaina a buɗe zan shiga.

Ɗiyar Tanti, wadda nake kira Yaya, ita ta ɗauki nauyin aikin. Ta aro wani ƙarfe mai baki biyu kamar awartaki, ana jona shi a wuta ya yi zafi, a matse gashi a tsakani a ja. Lisar suke ce masa. Ba ta taɓa riƙe shi ba, amma ta kalli yadda ake yi a waya, kuma Yaya in ta kalli abu sau ɗaya to ta zama malama.

Da hantsi na wanke kai, ya bushe, na zauna a tabarma tsakanin ƙafafunta. Tanti ta fito da kofin shayinta ta tsaya a kanmu.

"Kin yi alwala?"

Na ce, "Tanti, ai azahar da saura."

"To in aka kira, da mi za ki shafa kan? Da iska? Wannan gashin naki ko maganar ruwa ya ji ana yi sai ya tashi."

Muka dubi juna ni da Yaya. Matar da ke cikin wayar ta yi bayanin komai, har da irin man da za a shafa, amma ba ta ce uffan a kan alwala ba. Mu kuwa yadda aka koya mana, hannu a jiƙe ake ɗorawa a goshi a kai shi har ƙeya a dawo da shi. Nan take Yaya ta fito da dabara. In tashi in yi alwala yanzu, kan ya sake bushewa, a miƙar da gashin, sannan in riƙe alwalar nan in yi azahar da ita, in yi la'asar da ita, a ɗauki hoto. Bayan nan ko kogi zan faɗa, ruwana.

Na yi alwalar, kan ya bushe, aka fara. Yaya ta tsaga gashin kashi-kashi, ta matse, ta ja, hayaƙi ya tashi. Gidan ya ɗauki ƙauri har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko kan rago muke babbakawa. Amma da na ga tufkar farko ta kwanta a kafaɗata, santsi kamar ba tawa ba, sai da hawaye ya cika mini ido. Ashe haka yake da tsawo.

Mun gama ɓangaren dama ke nan fanka ta tsaya. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Lokacin bazara ne, in aka ɗauke babu mai cewa ga sa'ar da za a maido. Na ɗauki madubi na ga mutum biyu a kai ɗaya: ta dama ƴar birni, ta hagu ni. Yaya ta riƙa danna makunnin lisar kamar zai ji kunya ya kama.

Tanti ta ajiye kofinta. Ta shiga ɗaki, muka ji tana jan akwati, ta fito da wani matajin ƙarfe baƙi ƙirin mai mariƙin katako, na zamanin ƴanmatancinta. Ta kunna gaz ta ɗora shi a kan wuta. In ya yi zafi sai ta goga shi a tsumma, in tsumman bai ƙone ba to ya yi daidai da kaina. Ta lakato man kaɗe ta shafa, ta ce in riƙe kunnena in lanƙwasa. Na ji man yana soyuwa dab da fatata. Sau ɗaya na motsa, ƙarfen ya taɓa saman kunnen, na yi ƙara.

"Ke kika kai kunnen wajensa," in ji ta. "Shi yana kan hanyarshi."

Da aka gama, ɓangaren Tanti ya fi na Yaya sheƙi, abin da Yaya ba ta yafe ba har yau. Na lulluɓe kan da gyale marar nauyi, Yaya na bi na da mafici don kada in yi gumi, muka tari taksi zuwa Talaje. Kowane rami direban ya faɗa sai na ce Allah ka rufa asiri.

Wanda bai taɓa riƙon alwala a gidan biki ba bai san jarrabawa ba. Na yi azahar da isata, a gaban kakar amarya, wata tsohuwa mai kaifin ido, har ta sa mini albarka. Daga nan aka fara kawo abinci. Dambu da zogale na ce na ƙoshi. Shinkafa na ce na ƙoshi. Bisaf, wato zoɓo, mai sanyi, gorar har tana raɓa, na kau da kai ina haɗiyar miyau. Ba na jingina da bango don kada barci ya sace ni. Ba na dariya sai da rabin baki. Abin da ban sani ba shi ne, cikin da babu komai a ciki ya fi mai abinci surutu.

Ana dab da kiran la'asar ɗan kunnen amarya ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gado. Ni ce kusa. Na sunkuya, abin da nake gudu tun safe ya faru. Kiɗa na tashi a tsakar gida, babu wadda ta ji, babu wadda ta juyo. Ni dai na ji. Na miƙa wa amarya ɗan kunnenta, na koma na zauna jikina a sanyaye, sai ga ladan ya ɗaga murya.

Na lallashi kaina cewa la'asar tana da lokaci. A ɗauki hoton, in ruga in yi alwala. Amma mai hoton ta tafi gidan ango, duk wadda ta kira ta sai ta ce ga ta nan a hanya. Ina zaune ina kallon hasken da ke shigowa ta taga yana hawa bango yana yin ja.

Sai ga kakar amarya ta ɗaga labule.

"Ƴan mata, ban ga kun fito salla ba."

Ta bakin ƙofa ta sunkuyar da kai ta ce, "Iya, ina fashi." Ta kusa da ita ta ce ita ma. Haka maganar ta zagaya ɗakin kamar ana miƙa faranti. Ban ce duka ƙarya suke yi ba, Allah shi ya san na gaskiya. Amma a lokacin na gane su sun daɗe da warware matsalar da ni na wuni da yunwa a kanta.

Tsohuwar ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Duk rana guda? Ko ruwan famfo ba ya zo ma unguwa lokaci guda haka." Ta juyo gare ni. "Ke fa, ɗiyata?"

Kalmar tana bakina. Da na faɗe ta, shi ke nan, babu mai bincike. Na tuna ƙaurin safe, da kunnena da ke zugi, da bangon nan na Tawa. Wallahi na so in faɗe ta. Sai na ji kaina ina cewa, "Yanzu zan tashi, Iya."

A bakin famfo na yi ƙoƙarin wayo na ƙarshe. Da na zo shafar kai na yarfe hannuna, na sake yarfewa, na taɓa gaban goshi da ƴan yatsu kamar mai gwada zafin tukunya. Ashe tsohuwar tana tsaye bayana da butarta.

"A'a, ɗiyata. Kan naki na aro ne? Jiƙa hannu ki kai hal ƙeya."

Na jiƙa, na kai, na dawo. Na ji ruwan ya ratsa har fata, ga gumin da na wuni ina dannewa ya samu ƙofa. Na ɗaura kallabi na ta da salla, ina ruku'u ina jin kallabin yana matse ni, gashin na tashi a ƙarƙashinsa kamar ƙullun da ya kwana. Na yi kuka kaɗan a sujada, ba zan ɓoye ba. Ina sallamewa na ji ana cewa mai hoto ta iso.

A ɗaki kowa ta zare kallabi tana karkaɗa gashi. Na zare nawa. Saiwar duk ta koma gida, ta kumbura ta yi sama, bakin gashin kuwa da ruwa bai kai gare shi sosai ba ya miƙe tsaye ta ko'ina. Amarya, wadda ta wuni tana sharar hawaye, ta dube ni ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki.

Wata daga cikin ƙawayen, wadda gashinta ya fi na kowa kwanciya, ta ɗauko kallabina ta miƙo mini, murya ƙasa-ƙasa. "Mayar abinki, ki tsaya daga gefe, ba wanda zai lura."

Na karɓa na ninke shi na ajiye a kan gado. Na ratsa na zauna a tsakiya, kafaɗata na gugar ta amarya, ita kuma ta kama hannuna ta riƙe gam. Mai hoto ta ce na baya su matso. Mai ba ni shawarar ita ta faɗo daidai bayana.

Hoton yana Tawa, na gan shi a bangon da na je suna. Ni da amarya mun fito sarai, haƙora a waje. Wadda ta tsaya a bayana kuwa, in ba ta rantse ba babu mai yarda ta je bikin.